Motar lantarki da motar fetur: wacce ta fi saurin kamawa da wuta?

Baban_Khalil: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, shawara nake nema. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur ke neman durƙusar da ni. Yanzu na haɗa sola mai ƙarfi a gida, sai na fara tunanin sayen motar lantarki. Uwargida ta ce atafau ba za a ajiye mata ita a gida ba, domin garejinmu a jikin ɗakin yara yake, kuma ta ga bidiyon wata tana ci da wuta, 'yan kwana-kwana sun rasa yadda za su yi da ita. Ni kuma wani ya turo mini hoto mai alƙaluma daga Amurka: a cikin mota 100,000, na lantarki 25 ne ke kamawa, na fetur 1,530, masu haɗa fetur da batir 3,475. In haka ne, ai motar fetur ta ninka ta lantarki haɗari har sau 60. Wanne zan kama, bidiyonta ko alƙalumana?

Maman_Ilham: Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan uwargida. Gani ya kori ji. Uwa ba za ta iya barci ba tana sane da cewa akwai batir mai nauyin rabin tan a bayan bangon da 'ya'yanta suke kwance.

Malamin_Lissafi: Baban Khalil, wannan hoton na san shi, ya daɗe yana yawo. Wani shafin kwatanta farashin inshora ne a Amurka mai suna AutoinsuranceEZ ya fitar da shi a farkon 2022, kuma lissafin yana da babbar ɓaraka. Sun ɗauki yawan gobarar motoci, suka raba shi da yawan motocin da aka SAYAR, maimakon yawan motocin da ke kan titi. Amurka tana da motoci kimanin miliyan 280 masu rajista. Da a ce 1,530 cikin kowace 100,000 na ƙonewa duk shekara, da an riƙa samun gobarar mota sama da miliyan 4 a shekara. Abin da ake samu a zahiri bai wuce wajen 200,000 ba. In ka raba 200,000 da miliyan 280 za ka samu kamar 70 cikin 100,000. Ka ga tazarar da ke tsakanin 70 da 1,530. Sannan gobarar motar lantarki guda 52 kacal suka ƙirga suka gina wannan 25 ɗin a kai. Don Allah kar ka kai wa uwargida wannan hoton a matsayin hujja.

Baban_Khalil: Ikon Allah. To Malam, ke nan ita ce da gaskiya?

Malamin_Lissafi: Ban ce haka ba. Na ce wannan hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Mai yiwuwa ne abin da suke son nunawa gaskiya ne, amma hanyar da suka bi ba ta kai can.

Bakanike_KofarRuwa: Ni ban san lissafi ba, amma shekarata 26 ina ƙarƙashin mota. Motar da na ga ta ƙone da idona sun fi ƙarfin yatsun hannu, kuma dukkansu na fetur ne. Kusan kullum abu uku ne. Tiyon mai ya tsufa ya tsage yana ɗiga kan salansa mai zafi. Ko mai wayarin ya cire fiyus ya murɗa waya a gurbinsa don kar ya sake yankewa. Ko kuma mutum ya cika jarka ya saka a but saboda tsoron layin gidan mai. Akwai wani mai Golf da na gaya masa sau biyu ya canza tiyo, ya ce sai ƙarshen wata. Bai kai ƙarshen watan ba, a gaban shagona ta tashi, Allah ya sa shi kaɗai ne a ciki ya fice. Mutane sun saba da wannan ne shi ya sa ba wanda ke ɗaukar bidiyo ya yaɗa duniya.

Maman_Ilham: Baba bakanike, motocin lantarki nawa suka taɓa shigowa garejinka? In ba ka taɓa gyara ko ɗaya ba, ai dole duk wadda ka ga ta ƙone ta zama ta fetur.

Bakanike_KofarRuwa: Wannan gaskiya ne Hajiya, ko ɗaya ba ta taɓa shigowa ba. Na karɓa.

Bahaushen_Malmo: Ina zaune a Suwidin shekara tara yanzu, kuma a nan akwai ƙididdigar da ta fi waccan tsafta. Hukumar kula da agajin gaggawa ta ƙasar, MSB, ta tattara rahoton 'yan kwana-kwana na 2022. Motocin lantarki da masu haɗa batir da fetur sun kai wajen 611,000 a ƙasar, gobara 23 aka samu a cikinsu. Sauran motocin fetur da dizal kimanin miliyan 4.4, gobararsu wajen 3,400 a shekara. A nan an raba da motocin da ke kan hanya, ba na kanti ba. Ni kaina motar lantarki nake hawa tun 2021, a ƙarƙashin benen da muke zaune take kwana tare da na maƙwabta, ba wanda ya taɓa ɗaga mana hankali.

Dan_Sakkwato77: 23 kaɗai? Wanga adadi ai ya yi kaɗan a yanke hukunci da shi. In shekara mai zuwa aka samu 40 fa, ai lissafin ya kife.

Malamin_Lissafi: Tambayarka mai kyau ce, Ɗan Sakkwato, amma bari mu gwada. 23 cikin 611,000 ya zama kamar 4 cikin 100,000. 3,400 cikin miliyan 4.4 ya zama kamar 77 cikin 100,000. Da a ce motocin lantarkin suna kamawa daidai da na fetur, da an ga gobara wajen 470 a cikinsu, sai ga shi 23 aka gani. Ko da ta tashi zuwa 40 kamar yadda ka ce, ko ma 80, har yanzu akwai nisa. Saboda haka ƙarancin adadin bai dame ni sosai a nan ba.

Abin da ya dame ni shi ne shekarun motocin. Mafi yawan motocin lantarkin Suwidin a 2022 ba su wuce shekara uku ko huɗu ba. Na fetur kuwa akwai masu shekara 15, masu 20. Kamar ka kwatanta lafiyar 'yan sakandare da ta mutanen gari gaba ɗaya har da tsofaffi, ka ce makarantar ce ke hana ciwo. Abin da Baba bakanike ya lissafa, tiyo ya tsage, waya ta goge, duk cututtukan tsufa ne. A Amurka matsakaicin shekarun mota a kan titi ya haura 12. Kwatancen adalci shi ne motar fetur 'yar shekara uku da ta lantarki 'yar shekara uku. Sannan adadin na fetur ɗin ya haɗa da motocin da aka cinna wa wuta da gangan, kuma wannan ba laifin inji ba ne.

Bahaushen_Malmo: Batun cinna wuta da gangan gaskiya ne, a wasu unguwannin nan yana faruwa, kuma galibi tsofaffin motocin da ke kwana a bakin titi yake shafa. Amma Malam, ko ka cire rabi, ai ratar tana nan.

Malamin_Lissafi: Tana nan. Ni ma na fi karkata ga cewa sabuwar motar lantarki ba ta kai ta fetur yawan kamawa ba. Wanda ya ce mini ta fetur ta ninka ta sau 20, ko sau 60, shi ne zan tambaya a ina ya auna.

Tsohon_DanKwanaKwana: Ku yi haƙuri in shigo. Kuna ta ƙirga sau nawa take kamawa, ni kuma abin da na sani shi ne ranar da ta kama. Na yi shekara 31 a aikin kashe gobara kafin in yi ritaya. Motar fetur in muka iso da wuri, cikin mintuna kaɗan mun gama da ita, ruwan mota ɗaya ya isa har ya yi saura. Ta lantarki ban taɓa kashewa ba, amma na karanta littafin da kamfanin Tesla ya rubuta wa masu aikinmu: sun ce batirin zai iya cin galan 3,000 ko fiye, wato sama da lita 11,000. Motar da na yi aiki da ita ba ta ɗaukar rabin wannan. A Amurka suna da famfon kashe gobara a bakin titi. Mu kuwa in tanki ya ƙare sai an koma an ɗebo.

Kuma tana sake tashi. A 2018 a Kalifoniya wata Tesla ta yi hatsari, aka kashe wutar, aka ja ta aka ajiye, bayan kwana biyar batirin ya sake kamawa. A 2022 a Sakaramento wata ta yi mako uku a filin ajiye motocin da suka yi hatsari kafin ta tashi, sai da suka haƙa rami suka cika da ruwa suka jefa ta ciki. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da rahoto a kan wannan a 2020 saboda ma'aikata irina. Hayaƙin ma akwai guba a ciki, ba a tunkararsa ba tare da abin numfashi ba. Tsoron uwargidanka yana da tushe, ɗana.

Maman_Ilham: Allah ya saka da alheri Baba. Abin da nake ji a raina ke nan na kasa faɗa.

Sadauki_Kd: Ai ba a nan kaɗai ba. Kun manta gobarar filin jirgin Luton a Ingila? Mota fiye da 1,300 suka ƙone, wani sashe na benen ajiye motocin ya rufta. Motar lantarki ce ta jawo.

Uwar_Biyu_Leeds: A'a ɗan'uwa, gyara. Ina ƙasar lokacin, Oktoban 2023 ne. Hukumar kashe gobara ta yankin Bedfordshire ta fito ta ce motar dizal ce ta fara kamawa, ba ta lantarki ba ce, ba kuma mai haɗa biyu ba. A daren ne mutane suka cika Facebook da cewa ta lantarki ce, kuma har yau maganar ta ƙi mutuwa. Haka aka yi a filin jirgin Stavanger na Norway a Janairun 2020, can ma tsohuwar motar dizal ce.

Sadauki_Kd: To na ji ta Luton. Jirgin ruwan nan fa da ya nutse da motoci kusan 4,000?

Injiniya_Samaru: Felicity Ace kake nufi, ya kama a Fabrairun 2022 kusa da tsibiran Azores, ya nutse a farkon Maris. Da akwai motocin lantarki a ciki, amma jirgin yana ƙasan teku, ba wanda ya shiga ya duba inda wutar ta fara. Wani jirgin kuma, Fremantle Highway, ya kama a Yulin 2023 a gaɓar Holan da motoci wajen 3,800, kusan 500 na lantarki. Tun wutar tana ci aka ɗora wa na lantarkin laifi, da aka ja shi tashar ruwa sai aka tarar da yawa daga cikinsu a benayen ƙasa ba abin da ya same su.

Amma kar a ce ina kare su ne ido rufe. Ga wadda ba gardama: 1 ga Agustan 2024 a Incheon, Koriya ta Kudu, wata Mercedes EQE ta lantarki da ke ajiye a garejin ƙarƙashin gidaje, ba a caji take ba, ta yi fiye da kwana biyu ba a taɓa ta ba, ta fara hayaƙi ta tashi. Motoci sama da 100 suka lalace, mutane fiye da 20 aka kai asibiti saboda hayaƙi, iyalai suka bar gidajensu. Na'urar yayyafa ruwa ta ginin ba ta yi aiki ba domin wani ma'aikaci ya kashe ta. Wannan ita ce irin wadda uwargidan Baban Khalil take tsoro, mota tana zaune lafiya cikin dare.

Baban_Khalil: Injiniya, me ke sa batir ya kama shi kaɗai ba a taɓa shi ba?

Injiniya_Samaru: Batirin mota ɗaruruwa ko dubban ƙananan ƙwayoyi ne aka jera. A cikin kowace ƙwaya akwai wata siririyar fata da ta raba ɓangarori biyu. In ta huje, ko saboda kuskuren masana'anta, ko duka daga ƙasa, ko cajin da ya wuce ƙa'ida, ƙwayar sai ta ɗau zafi. Zafin ya narkar da fatar gaba ɗaya, ya haifar da ƙarin zafi, ya tsallaka ƙwayar da ke kusa, ita ma ta bi sahu. Wuta ce mai ciyar da kanta, kuma tana cikin akwatin ƙarfe a ƙasan mota inda ruwa ba ya kaiwa da sauƙi. Shi ya sa Baba ya ce tana shan ruwa.

Kuskuren masana'anta ya faru da motar lantarki ta Chevrolet Bolt. Kamfanin GM ya janye dukkansu a 2021, mota wajen 140,000, saboda lahani biyu a ƙwayoyin batirin LG, har ya ce wa masu su su riƙa ajiyewa a waje. Hyundai ma ta janye Kona ta lantarki a shekarar. Sai dai ku riƙe wannan: a Satumban 2023 Hyundai da Kia sun janye motoci sama da miliyan 3 a Amurka, suka ce a ajiye su nesa da gida domin za su iya kamawa ko a kashe suke, saboda matsala a na'urar birki. Waɗannan ba na lantarki ba ne. Ke nan kamawa a ajiye ba ta lantarki kaɗai ta gada ba.

Kuma batir iri-iri ne. Akwai mai nikel da kobalt, akwai wanda ake kira LFP mai ƙarfe da fosfet, irin wanda kamfanin motoci na China, BYD, ke sakawa. LFP ya fi jure zafi kafin ya ɓalle. Ƙididdigar da ake yawo da ita duk ta zuba su a kwando ɗaya.

Dan_Sakkwato77: Ni abin da ka ba ni mamaki, muna tsoron batir alhali fetur na kashe mu da ɗaruruwa. Majiya ta Jigawa, Oktoban 2024, mutum sama da 150. Mahaɗar Dikko a jihar Neja, Janairun 2025. Allah ya jiƙansu.

Uwar_Biyu_Leeds: Amin ya Allah. Amma wannan tankar mai ce, ba motar gida ba. Kar mu haɗa.

Dan_Sakkwato77: Na sani Hajiya. Amma man da ka cikin tankar, motocinmu za a kai ma shi. In ana lissafin wutar da motar fetur ka jawowa, ni ina ganin da tankar da 'yan bumburutu da jarkar da ka cikin ɗaki duk suna ciki.

Mai_Sola_Gombe: Baban Khalil, ni ta ɓangaren sana'ata zan yi magana. Kafin ka damu da batirin motar, ka damu da wayarin gidanka. Motar lantarki tana jan wuta awa shida, awa takwas ba tsayawa. Soket ɗin da aka saka don fanka da talabijin ba zai ɗauka ba, zai yi zafi ya narke. Na je gidaje da yawa na tarar da siririyar waya an ja ta zuwa na'urar sanyaya ɗaki, ba waya ta ƙasa, ba abin yanke wuta. A Suwidin ƙwararre ne ke saka wurin caji, a duba a sa hannu. In gobara ta tashi daga soket a nan, a wane layi za a rubuta ta, laifin mota ko laifin gida? Wa ma zai rubuta?

Sannan a bambance mota da ƙananan abubuwa. A birnin New York a 2023 batiran kekuna da babura masu caji sun jawo gobara 268, mutum 18 suka mutu. Yawanci batura ne masu araha da caja wadda ba tasu ba. Rabin bidiyon da ake turowa a ce motar lantarki, in ka duba da kyau babur ne.

Dillali_Kwatano: Bari in faɗi abin da ba a so a faɗa. Motocin da muke shigowa da su, da yawa daga gwanjon motocin hatsari na Amurka suke, waɗanda inshora ta biya masu su ta yar. Ta fetur in ta daku, mai gyaran jiki ya buga ya yi fenti, ta tafi. Ta lantarki in ƙasanta ya daku, ba mai ganin abin da ya faru a cikin akwatin batirin. Mafi muni ita ce wadda ruwan teku ya shanye. Bayan guguwar Ian a Florida a Satumban 2022, motocin lantarki da dama sun kama wuta kwanaki bayan ruwan ya janye, domin gishiri yana haɗa wayoyin ciki. Irin waɗannan motocin gwanjo suke tafiya, kuma gwanjo ba ya tambayar wace ƙasa za a kai su. Alhaji, in za ka saya, ka karɓi lambar jikin motar ka binciki tarihinta da kanka. Ni da bakina na ƙi ɗaukar wata a bara saboda laka da na gani a ƙarƙashin kujera.

Malamin_Lissafi: Abin da Dillali da Mai Sola suka kawo shi ne ya sa na ƙi sakin jiki da 4 da 77 ɗin nan. An auna su a ƙasa mai sanyi, mai santsin titi, da sababbin motoci. Motar da za ta yi Afrilu a Maiduguri, ta faɗa ramuka, ta kwana a cajin janareto, ba ta cikin wannan lissafin. Amma a yi adalci, motar fetur ɗinmu ma ba ta cikin 77 ɗin. Tamu ta fi tasu tsufa nesa ba kusa ba.

Sadauki_Kd: Tesla sun ce motarsu ɗaya ke kamawa a tafiyar mil miliyan 210, sauran motocin Amurka kuwa ɗaya a mil miliyan 19. Wannan fa?

Injiniya_Samaru: Sun faɗa, na shekarun 2012 zuwa 2021. Aunawa da nisan tafiya ya fi aunawa da yawan sayarwa ma'ana. Sai dai mai kaya ne ke yabon kayansa, kuma matsalar da Malam ya faɗa tana nan: sababbin motoci masu tsada aka kwatanta da duk abin da ke tafiya a titi har da tsofaffin manyan motoci. Ni inda nake zuba ido shi ne Norway. A 2024 kusan mota 9 cikin 10 da aka saya sababbi na lantarki ne, kuma suna da motocin lantarki na Nissan Leaf da suka haura shekara 10 a kan titi. A can ne za a fara ganin yadda tsohon batir yake yi.

Yar_Maiduguri: Mu nan gwamnati ta kawo tasi masu lantarki tun ƙarshen 2023, ina hawa zuwa aiki. Ban ji wadda ta kama ba. Na san Malamin Lissafi zai ce ba su da yawa kuma sababbi ne.

Malamin_Lissafi: Haka zan ce, ƙanwata. Amma da za a samu mai rubuta duk abin da ya same su, shekarunsu, nisan da suka yi, wace ce ta shiga ruwan ambaliyar Satumban 2024, da nan da shekara biyar muna da abin da ya fi na Suwidin amfani a gare mu.

Baban_Khalil: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa uwargida duka, har da na Baba ɗan kwana-kwana, ban ɓoye komai ba. Ta ce ta yarda a saya in za a yi mata rumfa a tsakar gida nesa da ɗakin yara. Sai kuma ta tambaye ni me ya sa Corollar da ke da lita 50 na fetur a cikinta take kwana a jikin bangon nan shekara takwas. Yau ita ma a waje za ta kwana.

Maman_Ilham: Ni har yanzu da ni ce, da na jira tukuna.

Tsohon_DanKwanaKwana: Ɗana, ko wacce ka ajiye, ka sa na'urar jin hayaƙi a garejin da kuma ɗakin yaran, kuma kar motar ta tare ƙofar fita. Ƙaramin abin kashe gobara na mota zai taimaka in kujera ko waya ce ta kama. In ka ji ƙara kamar ana fasa ƙwai, ko farin hayaƙi na fita daga ƙasan motar lantarki, kar ka tsaya neman bokiti, ka kwashe yara ku yi nisa, sannan ka kira mu.

Mai_Sola_Gombe: Baban Khalil, inbatarka kilowat nawa ce, kuma batirin solar a wane ɗaki yake? Turo mini hoton allon fiyus ɗin gidan kafin ka kira mai rumfa.